RIGAR MAMA DA RUFIN ASIRI: NASIHA GA SAMARI GAME DA MATA-MAZA DA MASU KAMA DA SU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya suranta shi a cikin mahaifa yadda Ya so, bai yi shawara da kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwana saurayi Musulmi, na san za ka ga sunan wannan ɗan littafi ka yi murmushi, watakila ma ka cusa shi a aljihu kada abokai su gani. Za ka ce, me ya haɗa wa'azi da rigar mama? To, ka yi haƙuri ka karanta. Kunya alheri ce, amma kunyar da za ta hana ka sanin hukuncin Allah ba kunya ba ce, jahilci ne ya naɗa rawani. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yaba wa matan Ansaru ne sabo da kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba.

Ga abin da ya haɗa su. Shiga kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ka bi layin masu sayar da kayan ciki na mata, sababbi da gwanjo. Su wane ne a zaune a rumfunan? Da yawa samari ne irinka. To, a ce wata rana kana zaune sai ga wata dattijuwa ta tsaya, a bayanta akwai wata doguwa cikin hijabi, mai faɗin kafaɗa, kanta a sunkuye. Dattijuwar ta ce rigar mama suke so, amma yarinyar ba ta taɓa sawa ba, ba su san lamba ba. Ka tambayi yarinyar, ta amsa, sai ka ji murya irin ta maza. Ka ƙara dubawa, ka ga ɗan gashi a haɓarta.

Mun san abin da yakan biyo baya. Ka ƙyafta wa maƙwabcinka ido. Shi kuma ya kira na gaba. Wani ya zaro waya ya fara ɗauka. Wani ya ɗaga murya ya ce ɗan daudu ne ya yi shigar mata. Kafin ka ce kwabo an taru, wani ya fizge hijabi, wani ya ce a tuɓe shi a gani. Kuma duk waɗanda suka yi wannan za su koma gida suna jin sun yi wa addini hidima. Inna lillahi! Wannan ɗan littafi an rubuta shi ne domin wannan minti guda, tun daga lokacin da ka ji muryar har zuwa lokacin da za ka buɗe bakinka.

MATA-MAZA A WAJEN MALAMAN FIƘIHU

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, mutane iri uku ne ka zuba a tukunya ɗaya ka kira su da suna ɗaya, alhali kuwa Shari'a ta rarrabe su.

Na farko shi ne wanda Larabawa ke kira hunsa, mu kuma mu ce mata-maza. Shi ne wanda aka haife shi da gaban namiji da na mace, ko kuwa da abin da ba a iya tantancewa. Wannan ba sabon abu ba ne, ba kuma Turawa suka kawo shi ba. Ibnu Hishamu ya kawo a cikin Sira cewa tun zamanin Jahiliyya an kai wa Amiru ɗan Zaribi, alƙalin Larabawa, shari'ar gādon wani mata-maza. Dattijon nan ya kwana yana juye-juye, barci ya gagare shi, har kuyangarsa Suhaila, mai yi masa kiwon tumaki, ta tambaye shi abin da ke damunsa. Da ya faɗa mata sai ta ba shi shawara ya duba ta inda fitsari ke fita, ya yi hukunci da shi. Da Musulunci ya zo, an ruwaito irin wannan hukunci daga Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi. Ka duba fa: alƙalin da ba shi da Littafi ya rasa barci dare guda don tsoron kada ya zalunci mutum ɗaya. Kai kuwa mai Alƙur'ani a ƙirji ka yanke naka hukunci kafin mai saye ta rufe baki.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Muhtasar na Shaihu Halilu, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi. To, tambayi malaminka da wace mas'ala aka rufe littafin. Da mas'alar mata-maza aka rufe shi. A can Shaihu Halilu ya jera alamomin da ake bi: ta wace kafa fitsari ke fita, in ta duka biyu ne wace ta fi yawa, wace ta riga, sa'an nan idan ya balaga, gemu ne ya tsiro ko nono, haila ce ta zo ko maniyyi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta bayyana, rikitarwa ta kau, an san ko namiji ne ko mace. Masu sharhi suka ƙara da cewa nonon da ake nufi shi ne irin na mata, ba ƙirjin namiji mai ƙiba ba. Ashe ke nan abin da ya ba ka dariya a rumfa, a gaban alƙali hujja ce da ake gina aure da gādo da sahun salla a kanta.

Bari in ɗan ratse a nan, domin na san a cikin masu karatu akwai yaron da maganar nan ta sa gabansa ya faɗi. Idan kana tsakanin shekara 12 zuwa 16 ka ga kan nononka ya kumbura, yana ɗan ciwo, kada ka tsorata. Likitoci sun ce wajen rabin yara maza sukan sami haka lokacin balaga, kuma yakan baje da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Ba ka zama mace ba. Kada ka matse shi, kada ka bari wanzami ya tsaga shi. In ya wuce shekara biyu, ko yana ta ƙaruwa, ko yana fid da ruwa, sai a je asibiti.

To, idan alamomin duk suka ƙi rarrabewa fa? Shi ne hunsa mushkili. Malamai ba su ce a jefar da shi a bayan gari ba. Sun zauna sun yi masa lissafin gādo. A mazhabar Maliku ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Ga misali: mutum ya rasu ya bar naira 120,000, magadansa ɗa namiji ɗaya da hunsa ɗaya. Da hunsan namiji ne, da ya sami 60,000. Da mace ce, da ta sami 40,000. Sai a ɗauki rabin kowanne, 30,000 da 20,000, a haɗa masa 50,000, ɗan'uwansa ya ɗauki 70,000. Hanafawa suka ce a ba shi mafi ƙarancin rabon biyu. Shafi'awa suka ce a bai wa kowane magaji abin da aka tabbata nasa ne, a ajiye ragowar har al'amari ya bayyana. Wani malamin Shafi'awa na Masar, Jamaluddini Al-Isnawi, wanda ya rasu a shekara ta 772 bayan Hijira, littafi sukutum ya rubuta a kan hukunce-hukuncen hunsa kaɗai.

Har tufarsa sai da suka yi mata zama. A cikin Hidaya, babban littafin Hanafawa, an kawo mas'alar hunsan da ya kusa balaga ya yi harama da aikin Hajji: me zai sa? In namiji ne, ɗinkakkiyar tufa ta haramta a gare shi. In mace ce, barinta tsiraici ne. Imamu Abu Yusufa, alƙalin alƙalai na zamanin Haruna Rashidu, ya ce shi ba shi da sani a kan wannan. Abokin karatunsa Muhammadu ɗan Hasan Ash-Shaibani ya ce ya sa tufar mata, domin mace ta zauna ba sutura ya fi muni a kan namiji ya sa ɗinkakke. Ka ji fa. Alƙalin alƙalan Bagadaza ya tsaya ya yi shiru, wanda ya yi magana kuma ya karkata zuwa ga rufewa. Ban ga wanda ya karkata zuwa ga tuɓewa ba.

ABIN DA LIKITOCI SUKA ƘARA MANA

Malaman da suka wuce sun yi hukunci da abin da ido ke gani, domin shi ke hannunsu. Yau Allah Ya hore gwajin jini da hoton ciki, ana ganin mahaifa da ƙwai da ƙwayoyin halitta. Akwai jaririyar da take da mahaifa da ƙwan mace cikakku, amma wani ɗan nama da ke bisa ƙodarta yana zuba sinadarin maza fiye da kima tun tana ciki, sai a haife ta gabanta ya yi kama da na namiji, a yanka rago a raɗa mata sunan maza. Irin waɗannan jarirai wasunsu gishirin jikinsu yakan zube, su yi ta amai, su mutu cikin makonnin farko idan ba a kai su asibiti ba. Sabo da haka ɓoye jariri irin wannan a ƙuryar ɗaki don gudun bakin mutane zai iya zama sanadin ajalinsa. Akwai wanda yake da naman ƙwan mace da na marainan namiji duka a jikinsa; a rene shi namiji, sai ya kai shekara 13 ko 14 nono ya fito, jini ya riƙa biyo fitsari wata-wata. Akwai wadda ƙwayoyin halittarta na maza ne, amma jikinta ba ya jin sinadarin maza ko kaɗan, sai ta fito mace sak, ta yi nono, haila ce kawai ba za ta zo ba domin ba ta da mahaifa. Akwai kuma akasin haka, yaran da ake reno a matsayin 'yan mata, da balaga ta zo murya ta buɗe, jiki ya koma na maza. Likitoci sun yi bayanin wasu iyalai masu yawan haka a Jamhuriyar Dominika a 1974.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a watan Rajab na 1409, watau Fabrairun 1989, ta duba wannan al'amari. Ta yanke cewa wanda alamun maza da na mata suka haɗu a jikinsa, a duba wanda ya rinjaya, a yi masa magani da tiyata ko da sinadari don a kawar da rikitarwar. Dalilinta kuwa, wannan cuta ce ake yi wa magani, bayyana abin da Allah Ya halitta ne, ba canza halitta ba.

Yanzu koma rumfarka. Wannan doguwar da ke bayan dattijuwa, mai yiwuwa ne shekara goma sha huɗu ana kiranta da sunan namiji. Ta yi ƙwallo da yaran unguwa, ta tsaya a sahun maza. Sai jiki ya juya, aka je asibiti, aka je wajen malamai, aka ce mace ce. Aka sāke mata suna. Aka cire ta daga makarantarsu. Watakila ma iyayen sun tashi daga unguwar. 'Yan mata tsararrakinta tun suna ƙirgar dangi iyayensu mata suka koya musu yadda ake komai, a hankali, cikin raha. Ita ba ta sami wannan ba. Yau ce ranar farko da gwaggonta ta lallashe ta ta fito, domin ta sayi abin da za ta kame jikinta ta suturta shi kamar yadda Allah Ya umarci mata. Ɗa'a ce ta fito da ita daga gida. Muryar da ka ji ba ita ta zaɓa ba. Allah Ya gaya mana a aya ta 6 ta Suratu Ali Imrana cewa Shi ne ke suranta mu a cikin mahaifu yadda Ya so. To, in ka yi dariya, aikin wa ka yi wa dariya?

WANDA ƊABI'ARSA TA YI KAMA DA TA MATA

Na biyu shi ne muhannasi: jikinsa na namiji ne ba shakka, amma maganarsa da tafiyarsa da karairayarsa irin na mata ne. A nan ne mutanenmu ke sa 'yan daudu. Ba zan ɓoye maka nassi ba. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira irin wannan a kan tufafi. Hadisan nan tabbatattu ne, ba mu jin nauyin faɗinsu.

Amma wa ya fi sanin ma'anarsu, kai ko Imamu Nawawi? A sharhinsa na Sahihu Muslim ya raba muhannasi gida biyu: wanda aka halitta haka, bai ƙaƙalo ba, wannan babu zargi babu zunubi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, wannan shi hadisin ke nufi. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya ƙara bayani, ya ce na farkon ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali, in ya yi iyakar ƙoƙarinsa abin ya gagara, ba a kama shi da laifi. Sabo da haka yaron nan na ajinku mai siririyar murya, wanda kuka hana shi sakat da sunaye tun yana firamare, me ya yi muku? Sau da yawa tsangwamarku ce ke kora irinsa daga masallaci zuwa gidajen da ba a yi masa dariya. Ku kore shi, sa'an nan ku zage shi don ya tafi.

Dubi yadda aka yi a Madina. Akwai wani muhannasi, ana ce da shi Hitu, yana shiga ɗakunan matan Annabi, domin ana lissafa shi cikin mazan da ba su da sha'awar mata, waɗanda aya ta 31 ta Suratun Nur ta ambata. Ba a hana shi ba, sai ranar da Annabi ya ji shi a ɗakin Ummu Salama, lokacin yaƙin Ɗa'ifa a shekara ta 8, yana siffanta wa ɗan'uwanta jikin 'yar Gailana. Ran nan aka hana shi shiga. Watau abin da ya fito daga bakinsa ne ya fitar da shi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa an kawo wani muhannasi da ya yi lalle a hannu da ƙafa, Annabi ya sa aka fitar da shi zuwa Naƙi'u. Wasu suka nemi izinin kashe shi, Annabi ya ƙi, ya sanar da su an hana shi kashe masu salla. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, Albani kuwa ya inganta shi. Abin lura, shugaba ne ya yi hukunci, ba taron kasuwa ba, kuma Annabi ya lissafa mutumin nan cikin masu salla.

WANDA YA CE ZUCIYARSA TA MACE CE

Na uku shi ne wanda zamani ya fi yin surutu a kansa. An haife shi da jikin namiji cikakke, amma ya ce tun yana ƙarami yake jin shi mace ne, jikin nan kamar rigar aro ce da ta matse shi. A Turai da Amurka likitoci sukan ba irin wannan sinadarin mata, cikin wata 3 zuwa 6 nono ya fara tasowa, ya cika cikin shekara 2 zuwa 3. Daga nan sai a tafi manyan kantuna, inda akwai mata da aka horar don auna masu saye, a gwada rigar mama ta farko, wasu har su ɗauki ranar kamar ranar suna. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta cire wannan hali daga babin ciwon ƙwaƙwalwa ta mai da shi wani babi dabam.

Malaman Musulunci sun fuskanci mas'alar. A Masar a 1988 an yi wa wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar tiyata ya koma mace, jami'ar ta ƙi karɓarsa a sashen maza da na mata duka, aka yi ta shari'a. Muftin Masar na lokacin, Shaihu Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, ya ba da fatawa cewa tiyata ta halatta idan amintaccen likita ya tabbatar akwai dalili a cikin halittar jikin, amma ba ta halatta don son rai kawai ba; kowane ɓangare ya ja fatawar zuwa gefensa. A Iran, Ayatullahi Khumaini ya halatta a cikin shekarun 1980. Majalisar Makka kuwa, a zaman nan na 1989, ta ce wanda gaɓoɓinsa suka cika na namiji ko na mace bai halatta a juya shi ba, ta kafa hujja da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i mai magana a kan canza halittar Allah. Wannan shi ne abin da mafi yawan malaman Sunna suke a kai, shi muke karantarwa.

Amma fa hukuncin aiki dabam, hannunka a jikin mutum dabam. Kuma ƙuncin da waɗannan mutane ke faɗa ba wasan kwaikwayo ba ne. Likitoci sun shaida yunƙurin kashe kai ya yi yawa a cikinsu. In kai mai karatu kana ɗauke da wannan a ƙirjinka, ba ka taɓa gaya wa kowa ba, to saurara. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Abin da kake ji bai fitar da kai daga Musulunci ba. Sahun nan naka ne, kada ka bar shi. Kada ka kashe kanka. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i da ta hana haka, da ambaton jin ƙan Allah gare mu ta ƙare. Kada ka sayi ƙwayoyin sinadari a kemis ka sha a ɓoye, suna iya daskarar da jini a jijiya. Nemi likita amintacce ya duba ka, domin wani yana zaton shi na kashi na uku ne, gwaji ya nuna na farko ne. Sa'an nan ka nemi malami mai riƙe sirri, ba mai neman abin faɗa a kan mumbari ba.

TO, ME ZA KA YI A RUMFA?

Ka sayar. Ba ka san ko wace ce daga cikin ukun ba, kuma ba a ɗora maka sani ba. Rigar mama halal ce, mai saye ta zo da shigar mata tare da uwa ko gwaggo, hukunci kuwa a kan zahiri yake. Annabi da kansa ya ce ba a umarce shi ya tona zukatan mutane ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana yawan zato, ta hana bin diddigi; ta 11 kuma ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi. Gaskiya ne malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi. Amma sani suka ce, ba zato ba. In har ka sani tabbas, zuciyarka ba ta natsu ba, sai ka ce su duba gaba, da murya ƙasa-ƙasa, ka yi shiru. Ba a wajabta maka ciniki ba, amma an haramta maka tozartawa.

Kuma ka iya sana'arka, domin kada a daɗe a tsaye har idanu su taru. Kai ba za ka auna kowace mace ba, ba za ka taɓa ta ba, ba kuma za ka ƙare mata kallo da sunan ƙiyasta lamba ba. Wannan ɗabi'ar ta wasu 'yan kasuwa haramun ce ko wace ce a gabansu. Miƙa wa dattijuwar tef irin na tela, ka ce su auna a gida ko a bayan labule: awo ɗaya a zagaye ƙirji daga ƙarƙashin nono, shi ke nuna lambar ɗamara, irin su 32, 34, 36, 38, awo na biyu a zagaye ta kan nonon. Bambancin inci ɗaya shi ne A, biyu B, uku C, huɗu D. Mai faɗin ƙirji takan bukaci babbar lamba da ƙaramin harafi, irin wanda ba kowace rumfa ke ajiyewa ba. In babu, ka ce za ka nemo. Kada kuma ka ga suna cikin kunya ka ninka musu kuɗi.

Wani zai ce, to ai Annabi ya la'ance su. Malam, a hankali. Malamai sun bambanta la'antar siffa da la'antar wani mutum takamaimai. An la'anci mai shan giya a hadisi. Duk da haka Buhari ya ruwaito daga Umar cewa da aka kawo wani sahabi da aka sha yi wa bulala a kan giya, wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A Muwaɗɗa kuma, Hazzalu, wanda ya ba Ma'izu shawarar ya je ya yi iƙirarin zina, Annabi ya nuna masa da ya rufe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Wannan fa a kan zunubin da ya tabbata ke nan.

Masu cewa a tuɓe a gani, ina tambayarku: da wane nassi? Kallon al'aurar wani haramun ne da babu saɓani a kansa, namiji ne ko mace. Kun aikata haramun tabbatacce a bainar jama'a don ku binciki haramun da kuke zato. In ta tabbata mace ce, kun tuɓe 'yar Musulmi a kasuwa. In namiji ne, kun tuɓe ɗan Musulmi a kasuwa. Ta ina kuka tsira? Wanda ya ɗauki bidiyo ya tura a WhatsApp ko TikTok, ya je ya karanta aya ta 19 ta Suratun Nur, wadda ta yi wa masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai alkawarin azaba tun a duniya. Wanda kuma ya buɗe baki ya jefe shi da luwaɗi ba shaidu, a mazhabar Maliku ƙazafi ya yi, haddinsa bulala 80. Da yawan masu ihun a yi Shari'a, da za a yi ta ran nan, bayansu za ta fara hawa. In ka ga an fara taruwa, tura su cikin rumfa ka tsaya a ƙofa, ka aika a kira shugaban layi ko dattawan kasuwa, a fitar da su ta baya a sa su a mota.

Saura mas'ala ɗaya da limamai matasa ke tambaya: in hunsa mushkili ya zo masallaci, ko ya rasu, yaya za a yi? Hanafawa sun ce a salla ya tsaya tsakanin sahun maza da na mata. In gawawwaki suka haɗu, a sa namiji kusa da liman, hunsa a bayansa, sa'an nan mace. Haka yake a wajen Malikawa ma. Mai Hidaya ya ce in ya rasu kafin al'amarinsa ya bayyana, namiji ba zai wanke shi ba, mace ba za ta wanke shi ba, sai a yi masa taimama, don kada wanda bai halatta ba ya ga jikinsa. A yi masa likkafani da tufa biyar kamar na mace. In za a sa shi a kabari, an fi so a shimfiɗa mayafi a bisa ramin kamar yadda ake yi wa mata, domin in mace ce an sauke wajibi, in kuwa namiji ne mayafin ba ya cutar da shi.

Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.